Kada Mu Fasa Rumbu Don Biyan Lauya

Ya ku 'yan'uwa malamai, akwai wani al'amari da ke faruwa da takwarorinmu a Amurka wanda muke ganin ya cancanci mu tsaya a kansa, ko da yake teku ya raba mu. A can, idan bashi ya yi wa mutum katutu har ya rasa mafita, doka ta ba shi damar zuwa kotun tarayya ya ayyana karayar arziki. Kotu takan duba abin da ya mallaka, ta raba wa masu bin sa abin da ya halatta a raba, sannan ta yafe masa mafi yawan ragowar. Sai dai ƙofar ba ta buɗuwa kyauta. A ƙarƙashin Babi na 7 na dokar, kuɗin shigar da ƙara kaɗai dala 338 ne, ladan lauya kuwa yakan haura dala 1,000, kuma lauyoyi sukan nemi a biya su tun kafin a shiga kotu, domin abin da suke bin mutum kafin ƙara yana iya shiga cikin bashin da za a yafe.

To, wanda ya kai ga ayyana karaya, ina zai samo dala dubu? Nan ne ido yakan faɗa kan asusun ajiyar ritaya, wanda malaman makarantun gwamnati da yawa suke da shi da sunan 403(b). Malami ya ga kuɗi nasa na kansa a ajiye, ga lauya yana jira, sai ya miƙa hannu.

Abin takaicin shi ne, wannan asusu yana cikin abubuwan da masu bin bashi ba su da ikon taɓawa. Tun 1992 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa kuɗin da ke cikin asusun fansho na wurin aiki da dokar tarayya ta kare ba ya shiga cikin dukiyar da ake rabawa, kuma gyaran dokar karaya na 2005 ya faɗaɗa kariyar ta game sauran asusun ritaya, har da irin na malamai. Muddin kuɗin yana ciki, yana da katanga. Ranar da aka ciro shi ya sauka a asusun banki, ya zama kuɗi kamar kowane kuɗi, kuma abin da ya rage a hannu ranar shigar da ƙara mai kula da rabon dukiya yana iya waiwayarsa.

Ga kuma haraji. Wanda bai kai shekara 59 da rabi ba, in ya cira, zai biya harajin shiga a kan abin da ya ɗauka, ya ƙara da tarar kashi 10 cikin ɗari. Tun 2024 an ɗan sassauta, ana iya cirar har dala 1,000 don larurar gaggawa ba tare da tara ba, amma harajin yana nan. Wanda ya ciri dala 2,000 ta hanyar da aka saba, dala 200 ta tafi a tara kafin a zo maganar haraji. Sabon bashin haraji kuwa ba ya cikin abin da kotu take yafewa. An gudu gara ke nan, an faɗa gidan zago. Wasu ma sukan ƙara da cirar wani abu don su sallami ɗan'uwa da ya ranta musu, ba su san cewa kotu tana iya karɓo abin da aka biya dangi cikin shekara guda kafin ƙara ba.

Ba za mu yi musun cewa akwai masu hujja ta gaskiya ba. Sukan ce: idan da dala 1,500 mutum zai kuɓuta daga bashin dala 60,000, ai ciniki ya yi kyau. Wani lokaci hakan ne, kuma ba mu da bakin zargin wanda ake yankar albashinsa kowane wata da umarnin kotu. Abin da muke ƙi shi ne a fara da asusun kafin a ƙwanƙwasa sauran ƙofofi. Kotun tana karɓar kuɗinta kashi-kashi, tana ma yafe shi ga wanda abin da yake samu bai kai kashi 150 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba. A Babi na 13, ladan lauya yakan shiga cikin tsarin biyan da ake shimfiɗawa na shekara uku zuwa biyar. Akwai kuma ofisoshin lauyoyin agaji. Jahilcin waɗannan hanyoyi ne yake cinye tsufan mutane.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan gida ba mu saba zuwa kotu mu ayyana karaya ba, amma bashi mun san shi, haka nan sammaci da ladan lauya. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 na albashinsa, mai ɗaukar aiki kashi 10, ta kuma kulle asusun har mutum ya kai shekara 50. Ta bar ƙofa ga wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba: yana iya karɓar har kashi 25 cikin ɗari. Mai ajiyar ganin dama ma yana iya cira, sai dai in bai cika shekara biyar ba, ana cire haraji daga ribar. Ga waɗanda jiharsu take cikin tsarin adashin gata, waɗannan ƙofofi su ne jarrabawar. Malamin da aka sallama yana da shekara 42, ga shari'ar bashi a wuyansa, zai ga rubu'in ajiyarsa tamkar ruwa a tsakar rani. Ya karɓa ya miƙa wa lauya da masu bin sa, ya manta cewa kuɗin da ke ƙaruwa da kashi 7 a shekara yana ninkawa cikin kimanin shekara goma. Iyalin da za su zauna da shi bayan ya tsufa su ne za su ji gibin, ba lauyan ba.

Wa'azi kaɗai ba zai hana mai jin yunwa cin irin shuka ba, saboda haka nauyin yana kanmu a matsayin ƙungiya. Muna ba da shawarar reshenmu ya ware wani kaso na kuɗin da mambobi suke biya ya zama asusun agajin shari'a, ya kuma daidaita da lauya guda da zai riƙa sauraron mambobi kyauta a zaman farko. Ƙungiyarmu ta taimakon kai da kai ta buɗe rance marar ruwa ga wanda sammaci ya same shi, a riƙa cira a hankali. Sannan duk wanda ya yi niyyar cike takardar cirar fansho saboda bashi, ya fara zama da sakataren walwala cikin sirri, domin kunya ce take sa yawancinmu yanke hukunci su kaɗai da tsakar dare.

Za mu gabatar da waɗannan a taron reshe mai zuwa. Muna roƙon wakilan makarantu su zo da ra'ayin malamansu a kan adadin da ya kamata a ware, da kuma waɗanda za a damƙa wa amanar asusun.