Daɓen Zamani a Tsakar Gida

A wannan wata za mu duba daɓen simintin nan mai zane da ake yayi. Magina kan zuba kankare, su barbaɗa launi, sa'an nan su danna masa tambarin roba tun bai bushe ba, sai ya fito kamar an jera duwatsu. Daga Kalifoniya ta Amurka aikin ya taso, a shekarun 1950.

Kyau kam akwai shi. Amma fa tsakar gida a Zango wurin aiki ne: nan ake wanki, nan ake alwala, nan ake daka. Man ƙyallin da ake shafa wa daɓen, da ya sha ruwan sabulu sai santsi, kuma tsohuwa in ta zame ta karya ƙugu, jinyar ta fi kuɗin siminti. Ku sa magini ya gauraya man da garin hana santsi, ya kuma karkata daɓen wajen rariya, santimita 2 a kowace mita, kada ruwa ya kwanta.

Turmi kuwa a bar masa kusurwarsa ta ƙasa. Inda daka ya fasa daɓen, da wuya faci ya dace da launin farko.