Wari Ba Ya Fitowa a Hoto

Masu bibiyar wannan fili sun san tun watan Yuli na yi alkawarin ba da labarin tafiyar da muka yi da Umma a jirgin ruwa, sai kuma aka ji ni shiru. Ba mantawa na yi ba. Jira nake rigimar da ta biyo bayan tafiyar ta kwanta, don kada in kawo muku labari rabi. Makon jiya kuɗin suka shigo asusuna, to yau bakina ya buɗe.

Wankan jegon Yayata ne ya kawo Umma Ingila. Wata uku cur tana Leicester tsakanin kicin da ɗakin jariri, ba ta san komai na ƙasar ba sai hanyar asibiti da shagon mai nama. Ta haura sittin, kuma ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama, shekarar da ta sauke farali. Ni kuwa ina shekara ta uku a digirin digirgir, abin da nake samu daga koyar da ƙananan ɗalibai da duba takardunsu bai taka kara ya karya ba, ga shi biza ba ta yarda ɗalibi ya wuce awa 20 a mako yana aiki lokacin karatu. Haka na yi ta ƙulle-ƙulle har wata takwas, na tara fam 1,480, kuɗin mutum biyu na kwana bakwai daga Southampton zuwa Norwe a dawo. Ban da bizar Shengen, Yuro 90 kowa, wadda sai da Umma ta nemi tata tun daga gida kafin ta taso. Ɗaki mafi araha na kama, irin na cikin jirgi wanda ba shi da taga. Na ce ai kwana kawai za mu riƙa yi a ciki.

Ranar Asabar muka shiga. Ina buɗe ƙofar ɗakin wani wari ya tarbe mu. Duk wanda ya taɓa buɗe ɗakin ƙasa da aka kulle tun farkon damina, a tsakiyar Agusta, ya san shi: warin danshi da fumfuna, wanda ba ya dukan hanci da ƙarfi amma yana maƙalewa a maƙoshi. Na dubi Umma. Ta ce, "Auta ke dai kin cika ƙorafi. Ɗakin da ke kan ruwa ai dole ya yi warin ruwa." Ta so ta turara ɗakin, na ce mata ba a kunna ko ashana a ɗakin jirgi, sai ta ɗauko humrarta ta yayyafa a labulen wardirof da matasai. Warin ya ja da baya na minti ashirin, ya dawo da humrar a kafaɗa.

Da Umma ta idar da sallar isha'i ta ɗaga sallaya, sai ga bayanta a jiƙe. Na danna kafet ɗin da ke bakin banɗaki da tafin hannu, ruwa ya taso tsakanin yatsuna. A nan ya kamata in ɗauki waya in yi hoto, in sauka wurin masu karɓar baƙi. Abin da na yi shi ne na aika wa Yaya saƙon murya a WhatsApp na zazzage mata takaicina, na kwanta.

Washegari da safe na faɗa wa ma'aikacin da ke gyara mana ɗaki, wani saurayi ɗan Filifin mai ladabi kamar ya kwanta maka. Ya ba da haƙuri, ya fesa turare, ya kawo fanka. Da ya fita Umma ta kama hannuna ta ce, "Kada ki kai ƙarar yaron nan. Kin san mutum nawa ke ci a albashinsa? Kwana bakwai ne, kamar yau ne." Wallahi maganar ta shige ni. An raine mu a kan cewa baƙo ba ya kushe masauki, kuma duk wanda ya zauna a ƙasar Turawa da baƙar fata da ɗankwali ya san nauyin nan na kada a ce ga su nan, sun zo da hayaniyarsu. Sai na haɗiye. Ranar Lahadi ta wuce muna tsakiyar teku, na yi ta jan Umma sama shan iska don kada mu zauna a ɗakin.

Abin da ban lissafa ba shi ne Umma tana da asma, duk da ta jima ba ta tashi ba. Ɗakin da ba taga kuwa ba shi da wata iska sai wadda na'ura ke hurowa, kuma kafet in ya kwana ɗaya ko biyu a jiƙe fumfuna ta samu gida. Daren Lahadi ta fara tari. Ranar Litinin a Stavanger, hawa ɗan tudun tsohuwar unguwa mai fararen gidajen katako sai da muka tsaya hutu sau uku. Da yamma na ce, "Umma ki yi haƙuri, zan sauka."

A layin masu karɓar baƙi wata tsohuwar Baturiya ce a bayana, irin waɗanda suka mai da jirgin ruwa gidansu na biyu. Ta ji ma'aikaciyar ta ce mini jirgi a cike yake, amma za su duba. Har na juya zan tafi, tsohuwar ta taɓa kafaɗata ta ce kada in gusa sai an rubuta ƙorafin a kwamfuta an ba ni lambarsa a takarda. Na koma na nema. Fuskar ma'aikaciyar ba ta sauya ba, amma sai ga shi ta fara tambayoyin da ba ta yi ba da farko: yaushe, ina, wa na faɗa wa. Wannan 'yar takardar ita ce daga baya ta zame mini jari.

Talata da safe suka ɗaga gefen kafet, suka ce bututun banɗaki ne ke yoyo, suka kawo na'urar tsotse danshi mai ƙara kamar injin markaɗe. Sai a lokacin na fara hoto da gaske. Wari ba ya fitowa a hoto, saboda haka sai ki nemi abin da zai tsaya masa shaida. Na danna farar takardar goge hannu a kafet na ɗauke ta a jiƙe. Na ɗauki baƙin ɗigo-ɗigon da ke jikin katakon ƙasan bango. Na ɗauki ita kanta na'urar, don ba a kawo ta ɗakin da yake a bushe. A daren nan, wajen ƙarfe biyu, numfashin Umma ya koma fito, abin shaƙarta ya kasa. Ba na son tuna tafiyar nan a dogon lungun jirgi, tana dafe da bango ina riƙe da ita. Likitan jirgi ya sa mata na'urar turara magani, numfashi ya dawo, sannan aka miƙo takardar fam 165, domin asibitin jirgi na kuɗi ne, ba ruwansa da NHS. Na roƙi likitan ya rubuta a rahotonsa cewa ɗakinmu yana da danshi, ya rubuta. Laraba da hantsi sai ga ɗaki ya samu a jirgin da aka ce a cike yake.

Kwana ukun da suka rage, alhamdulillahi. Umma ta ga duwatsu sun tsaya a cikin ruwa kamar an yanka su da wuƙa, ruwa na zubowa daga samansu. A Bergen ta yi ta jiran magariba har wajen sha ɗayan dare tana salati. Kafin mu sauka sun ba mu fam 100 na kashewa a cikin jirgi. Na tambaya ko karɓa na nufin magana ta ƙare, suka ce a'a, na ce a rubuta mini hakan. Suka rubuta.

Da muka dawo na aika imel, ba zagi ba kuka, kwanan wata da lokaci kawai, da hotuna, da lambar ƙorafi, da rahoton likita. Kamfanin yana cikin ABTA, ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye ta Birtaniya, kuma ƙa'idarta ita ce a sanar da kai an ga ƙorafinka cikin kwana 14, a ba ka cikakkiyar amsa cikin kwana 28. Rana ta 27 amsa ta zo: suna baƙin ciki ƙwarai, ga rangwamen fam 200 idan zan sake tafiya da su. Na yi dariya ni kaɗai a laburare. Umma ta kusa komawa Zariya, ni kuma in na sake tara irin wannan kuɗi ai ba teku zan kai su ba. Rangwame irin wannan sai ka sake ciro kuɗi daga aljihunka kafin ya zama kuɗi.

Ba shari'a nake karanta ba, amma ɗalibi ba ya rasa karance-karance. Yawon jirgin ruwa da aka saya a Birtaniya yana ƙarƙashin dokar tafiyar da aka haɗa a dunƙule ta 2018, tunda kuɗi ɗaya ka biya na sufuri da masauki. Dokar ta ɗora wa wanda ya shirya tafiyar alhakin duk abin da ya sayar. In abu bai zo yadda aka yi alkawari ba, wajibi ne ya gyara, kuma kana da haƙƙin ragin kuɗi na tsawon lokacin da matsalar ta ɗauka, da diyyar cutarwar da ta jawo. Amma ta ɗora maka naka nauyin: ka sanar da su ba tare da jan ƙafa ba. Har ɓacin rai ana biya. Wani lauya mai suna Jarvis ya biya fam 63 da 'yan kai don hutun Kirsimeti a Suwizalan, ya tarar ba abin da aka zayyana masa ba ne, a 1972 kotun ɗaukaka ƙara ƙarƙashin Lord Denning ta ba shi fam 125, ta ce wanda ya sayi hutu jin daɗi ya saya. Sai dai kada a sa rai da yawa. A 2010 wannan kotu ta rage wa wasu ma'aurata, su Milner, diyyarsu zuwa fam 12,000, su da suka biya kusan 59,000 don zagaya duniya a jirgin ruwa, ƙarar ɗaki ta hana su barci har suka sauka a hanya, ko da yake an riga an mayar musu da kuɗin kwanakin da ba su yi ba.

Sai na zauna na yi lissafi na gaskiya. Kowane dare ya kama kusan fam 211. Ba zan ce duka na yi asara ba, tunda mun ci abinci, mun ga gari. Na nemi rabin kuɗin dare huɗu, fam 420, da 165 na likita, da 250 na wahala, jimla 835, kuɗi a hannu. Na ba su kwana 14, na ce in ba haka ba zan kai wa ABTA, daga nan kuma kotun ƙananan ƙararraki, wadda a Ingila da Wales take sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba, ba sai da lauya ba.

Amsarsu ta biyu ce ta yi mini ciwo, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Suka ce a takardunsu ƙorafi ya fara ne yammacin Litinin, saboda haka dare biyu za su lissafa, fam 375 har da na likita. Na tura musu saƙon muryar da na yi wa Yaya daren Asabar, ga kwanan wata a jiki. Suka ce wannan ya nuna akwai matsala, amma Yayata ba ma'aikaciyarsu ba ce. Haka ne kuwa. Abin da ya rage mini shi ne in ce na faɗa wa mai gyaran ɗaki tun safiyar Lahadi, wato in jawo sunan yaron da Umma ta ce kada in taɓa. Kwana biyu ina juya abin. Daga ƙarshe na rubuta, amma na rubuta shi yadda ya faru: cewa ya zo nan take, ya yi iyakar abin da ke hannunsa, gyaran bututu da sauya ɗaki kuwa ba hurumin mai shara ba ne, kuma in akwai wanda ya kyautata mana a jirgin nan to shi ne. Suka dawo da fam 520, da sharaɗin in sa hannu cewa ba sauran magana. Ina da babi biyu da malamina ke jira, na sa hannu. Da na sauka tun daren Asabar, ina jin da ba a kai ga likita ba ma, balle lissafi.

Akwai wata ƙofa da na tarar a rufe. Wanda ya biya da katin bashi, abin da ya haura fam 100 har zuwa 30,000, sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya ba shi damar bin bankin kansa idan mai sayarwa ya saɓa alkawari. Ni da katin asusuna na biya, kamar yawancinmu, wasu don banki bai ba su katin bashi ba, wasu don gudun riba. Da irin wannan kati sai dai ka roƙi banki ya janyo kuɗin, kuma galibi cikin kwana 120 ne. 'Yan uwa na Amurka kuma, da masu hawa daga Jidda, duk abin da na faɗa na wanda ya saya a Birtaniya ne. A Amurka ƙananan rubutun jikin tikiti ne ke da ƙarfi, kuma sau da yawa shekara ɗaya tak suke bayarwa a shigar da ƙara ko da rauni mutum ya ji, to a karanta tun kafin a biya.

Na kira Umma ranar da kuɗin suka shigo, tana tsakar gida ina jin kukan kaji. Na faɗa mata adadin, na juya mata shi zuwa naira. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To yaron nan fa, ba su kore shi ba ko?" Na ce mata a wasiƙarsu ta ƙarshe sun ce sun isar da yabon da na yi masa ga shugabansa. Ta ce, "Kin tabbata?" Na ce haka dai suka rubuta. Ta ce in cire fam 20 in nemi hanyar da za a kai masa, sauran in biya kuɗin haya.