Kafin a yi odar sandunan gilashi saboda bidiyon TikTok

Bidiyon masu narka gilashi suna yin duwatsun wuya ya cika TikTok, kuma matashi a Kiru ko Bebeji zai iya yin odar kayan a AliExpress cikin minti biyar. Wannan gaggawar ce ke cinye jari.

Sanduna da bututun da suka fi ɗaukar ido, masu haske garau kamar ruwa, yawanci borosiliket ne, irin gilashin kwalaben ɗakin gwaje-gwaje. A shafin saye ana rubuta masa COE 33, lambar da ke nuna yawan buɗewarsa idan ya ji zafi. Gilashi mai laushi na Italiya kuwa 104 ne. Aka narka su tare, dutsen zai tsage yana hucewa, wani lokacin ma sai ya isa hannun mai saye.

Ga kuma wuta. Borosiliket ba ya sarrafuwa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 1,200. Gas ɗin girki kaɗai ba zai iya ba, sai an haɗa da oksijin: ko tukunya irin ta masu walda, ko na'urar da ke son lantarki tsayayye. A Doguwa da Tudun Wada, wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Masaga na Bida sun daɗe suna yin duwatsu da awarwaro daga fasassun kwalabe. Gara mai koyo ya fara da gilashi mai laushi kamar su, ya sayi tabarau na kare ido, borosiliket ya jira sai an samu oksijin.