Kwalba Ba Ta Ta Da Matacciyar Giya

A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, da dawa ake yin burkutu. Akan jiƙa hatsin har ya yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, sa'an nan a bar ruwan cikin randa ya tashi. Abin da ke ta da shi waɗansu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, ana ce da su yisti. Su ke cin zaƙin tsiron, su bar barasa da kumfa. In zaƙi ya ƙare sai giya ta kwanta, bayan 'yan kwanaki kuma waɗansu ƙwayoyi dabam su mai da ita ruwan tsami.

To, a nan ne maha'inci ke shigowa. Maimakon ya zubar, sai ya tsinto kwalabe, ya ɗura, ya barbaɗa sukari, ya toshe. Yisti ya sami abinci, kumfa ta komo, mai saye ya zaci sabuwa ce. Kyan ɗan maciji ke nan. Sukari ba ya kashe tsami, ba ya wanke kwalba. In kuwa ya yi yawa, iskar da ta rasa mafita cikin zafin bazara takan fasa kwalbar, ta tsiyaye wa mai tsautsayi ido.

Masu kare shi sukan ce ai kamfani ma a kwalba yake sayarwa, tun da aka fara yin Star a Ikko cikin 1949. Ba ɗaya ba ne. Kamfani yana tacewa, ya wanke kwalabe, ya gasa giyar da zafi bisa dabarar Louis Pasteur, mutumin Faransa, don ƙwayoyin su mutu. Wanne daga cikin waɗannan ake yi a bayan danga?

Sukan kuma ce zubarwa hasara ce. Hasara ai tun ranar da aka ɗebi dawa daga rumbu aka yi ta. A Baure da Zango da Mai'aduwa, inda ruwan sama bai cika yawa ba, kowace tiya da ta shiga randa daga bakin yara aka ƙwace ta.

Musulunci ya haramta giya, cikin 2000 kuma Jihar Katsina ta soma aiki da Shari'a, wadda ke hukunta Musulmin da ya sha. Wanda ba Musulmi ba ma, bai kamata a sayar masa da ciwo da kuɗinsa ba. Saboda haka duk wanda ya ga irin wannan ciniki, ya kai magana gun mai unguwa ko dagaci tun ba a ɗauki wani zuwa asibiti ba.