Idan Za Mu Ba Da Agaji, Mu Tuna Da Manomin Haiti



Duk lokacin da aka ji labarin ambaliya ko girgizar ƙasa a rediyo, abin da yake fara zuwa zuciyar kowa shi ne a tara abinci da tufafi a aika. Wannan hali ne mai kyau, kuma a kansa iyayenmu suka tarbiyyantar da mu. Amma mu 'yan Kulob ɗin Jarida muna ganin akwai tambayar da ba a cika yi ba. Idan buhuna suka ƙare, motocin agaji suka koma inda suka fito, da me mutanen za su ci gaba da rayuwa? A ra'ayinmu, da zarar kwanakin farko na ceton rai sun wuce, agajin da ya fi amfani shi ne wanda zai mayar da manomin ƙasar gonarsa, ya mayar da tela kan kekensa, ya ba magini aiki. Agajin da ya tsallake waɗannan mutane yana iya cutar da su, ko da an ba da shi da zuciya ɗaya. Abin da ya faru a ƙasar Haiti shi ya sa muka faɗi haka.

Haiti ƙaramar ƙasa ce a yankin Karibiyan, kusa da Kyuba. Mutanenta baƙar fata ne kamar mu, jikokin waɗanda aka kwashe daga Afirka aka kai su bauta a gonakin rake na Faransawa. Sun yi yaƙi suka 'yantar da kansu a 1804. A 1825 sai Faransa ta turo jiragen yaƙi ta ce sai sun biya faran miliyan 150 kafin ta amince da 'yancinsu. Wato bayin ne za su biya iyayengijinsu diyya! Daga baya an rage kuɗin zuwa miliyan 90, amma duk da haka ƙasar ta daɗe ƙwarai tana biyan wannan bashi da kuɗin da ya kamata ta gina makarantu da hanyoyi. Ga kuma shugabannin da suka yi ta wawure dukiyar jama'a, da juyin mulki iri-iri. Saboda haka tun kafin bala'in da za mu ba da labari, Haiti ce ta fi kowace ƙasa talauci a wannan ɓangare na duniya.

Ranar Talata 12 ga Janairu, 2010, wajen ƙarfe biyar saura na yamma, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.0 ta afka wa babban birninsu Port-au-Prince da garuruwan da ke kewaye da shi. Gwamnatin ƙasar ta ce mutum 316,000 ne suka mutu. Wasu masu bincike sun ce adadin bai kai haka ba, amma an yi asarar rayuka fiye da 100,000. Kimanin mutum miliyan 1.5 suka koma kwana a tantuna. Fadar shugaban ƙasa ta rufta, kusan duk gine-ginen ma'aikatun gwamnati sun rushe, har hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke can ba ta tsira ba. An ƙiyasta asarar dukiya ta kai kusan dala biliyan 8, fiye da duk abin da ƙasar take samarwa a shekara guda.

To ga abin da ya fi ba mu mamaki. Bayan mako shida da 'yan kwanaki, ranar 27 ga Fabrairu, girgizar ƙasa ta auku a Chile da ke Kudancin Amurka. Ƙarfinta maki 8.8 ne, ta fi ta Haiti nesa ba kusa ba. Amma waɗanda suka mutu ba su kai 600 ba. Dalilan suna da yawa, ciki har da cewa ta Haiti ta auku dab da birni mai cunkoso. Sai dai babban dalili shi ne Chile tana da dokar gini da ake bi, kuma mutanenta suna da halin sayen rodi da siminti isasshe. A Haiti kuwa talaka yana ɗora bulo mai yashi da yawa a gefen tudu, domin abin da aljihunsa zai iya ke nan. Mun yarda komai da ƙaddarar Allah yake faruwa. Amma talauci ya taimaka wajen kashe mutanen nan, kuma duk agajin da bai taɓa talaucin ba, ya bar su ne suna jiran bala'i na gaba.

Duniya ta yi ƙoƙari, wannan ba mai musu. Likitoci sun zo daga ƙasashe da dama, masu ceto sun tono mutane da rai daga ƙarƙashin gini, jirage sun yi ta sauke ruwan sha da magani. A ƙarshen Maris na shekarar, a wani taro a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashe da hukumomi suka yi alƙawarin kusan dala biliyan 10. Mai jin wannan zai ce ai kakar Haiti ta yanke saƙa.

Amma ina kuɗin suka bi? Ofishin wakili na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haiti ya bi sawun kuɗin da manyan masu ba da agaji suka fitar daga 2010 zuwa 2012. Ya gano cewa abin da ya shiga hannun gwamnatin Haiti bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Abin da ya je kai tsaye ga ƙungiyoyi da kamfanonin 'yan ƙasar kuwa bai kai ko kashi 1 cikin 100 ba. Sauran ya bi ta hannun hukumomin duniya da ƙungiyoyi da 'yan kwangila na waje. Ku yi lissafin da kanku: a cikin kowace naira 100, ko naira ɗaya cikakkiya ba ta kai hannun ɗan kasuwar ƙasar kai tsaye ba. Idan aka ba kamfanin waje kwangila, ya sayo kaya daga ƙasarsa, ya kawo manyan ma'aikatansa ya biya su, to kuɗin da aka rubuta da sunan Haiti ya leƙa Haiti ne kawai ya koma gida.

Maganar shinkafa ita ce ta fi tsaya mana a rai, watakila don da yawanmu 'ya'yan manoma ne. Haiti tana da kwarin noman shinkafa da ake kira Artibonite, kuma har zuwa shekarun 1980 yawancin shinkafar da suke ci su suke noma abarsu. A 1995, bisa matsin lambar Amurka da masu ba da bashi na duniya, aka rage harajin shigo da shinkafa ya koma kashi 3 cikin 100 kacal. Shinkafar Amurka, wadda gwamnatinsu take tallafa wa manomanta, ta cika kasuwa da arha. Mutanen Haiti har suna suka sa mata, shinkafar Mayami. Manomin Artibonite ya kasa gasa da ita. Da yawa suka bar gona suka kwarara birni neman abin yi, suka yi 'yan ɗakunansu a unguwannin cunkoso, irin unguwannin da girgizar ƙasa ta zo ta rusa. Ƙasar ta wayi gari tana sayo kusan kashi 80 cikin 100 na shinkafarta daga waje. A watan Maris na 2010 tsohon shugaban Amurka Bill Clinton, wanda a zamaninsa aka yi wannan tsari, ya faɗa a gaban 'yan majalisar dattawan ƙasarsa cewa kuskure ne, ya amfani manoman jiharsa ta Arkansas amma ya cutar da Haiti.

Yanzu ku ɗora shinkafar kyauta a kan wannan. A ce kai ne manomin da ya rage a gona, ka sha wahala ka girbe, ka kai kasuwa, sai ka tarar ana raba buhu kyauta a bakin titi wata da watanni. Wa zai sayi taka? Baɗi kuma da wane kuɗi za ka sayi iri da taki? Wannan ya sa shugaban Haiti na lokacin, René Préval, wata biyu kacal bayan girgizar, ya yi kira da a sassauta turo abinci daga waje, domin zai yi gasa da abin da manomansa suke nomawa. Shugaban da mutanensa suke kwana a tanti ne ya faɗi haka. Da an ɗauki kuɗin an sayi shinkafar Artibonite an raba wa masu tanti, da buhu ɗaya ya ciyar da gida biyu, gidan wanda aka ba da gidan wanda ya noma.

Haka batun tufafi yake. Abin da muke kira gwanjo su suna ce masa pepe, kuma an daɗe ana jibge musu shi daga Amurka, har telolinsu da yawa suka rasa masu kawo ɗinki. Wannan mun san shi ko a kasuwanninmu.

Wani zai ce, ai tsoron ɓarayin gwamnati ne ya sa masu agaji suka riƙe kuɗin a hannunsu. Ba mu raina wannan magana ba. Mu ma a Nijeriya yayyenmu suna ba mu labarin watan Oktoba na 2020, lokacin da jama'a suka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama suka tarar da kayan tallafin korona a jibge. Amma maganin ɓarawo shi ne a sa ido, a rubuta kowane kwabo, a karanta wa jama'a. Idan ka ce ba za ka taɓa ba ma'aikatar lafiya ko ta ruwa ta ƙasar kuɗi ba, to ranar da ka tattara ka tafi babu wanda ka bari da zai riƙe asibitin ko ya gyara famfon. Kuma baƙin ma ba a rasa su da laifi ba. A watan Oktoba na 2010 kwalara ta ɓarke a Haiti daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bi ruwan kogin Artibonite, ta kashe kusan mutum 10,000. Sai a Disamba na 2016 Sakatare Janar Ban Ki-moon ya nemi afuwar mutanen ƙasar.

Akwai taimakon da ba a ɗaukar hotonsa amma ya fi buhu nauyi. A watan Yuli na 2010 Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya ya yafe wa Haiti bashin dala miliyan 268. A wannan shekarar kuma Amurka ta yi dokar da ta ƙara yawan tufafin da masana'antun Haiti za su shigar ƙasarta ba tare da haraji ba. Albashin masu ɗinkin kaɗan ne, wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a ƙara. Amma albashi yana zuwa kowane wata, kuma mai shi ne yake zaɓar ko kuɗin makarantar ɗansa zai biya ko kwanon rufi zai saya. Wanda aka miƙa wa bargo ba shi da wannan zaɓi, ko da kuwa bargo uku yake da su.

Mun san ba mu da biliyan, kuma babu wanda zai gayyace mu taron ƙasashe. To amma mu ma muna ba da gudummawa, kuma bala'i ba ya nesa da mu. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangaren Maiduguri, har ya shiga Kasuwar Monday. Waɗanda ruwa ya ci shagunansu da kekunan ɗinkinsu da injinan niƙansu, bayan sun ci sun ƙoshi a sansani, abin da yake hana su barci shi ne jari. A makarantu irin tamu kuwa, da an ce a kawo gudummawa, sai kowa ya ruga gida ya zazzage akwati ya kwaso rigunan da suka yi masa kaɗan. Wasu ma, mu faɗi gaskiya, tsummokara ne da ko ƙanenmu ba za su sa ba. Sannan a nemi kuɗin motar da za ta kai su.

Ga shawararmu ga Malam Shugaban Makaranta da malaman da suke kula da kulob-kulob. Idan irin wannan ta sake tasowa, Allah Ya kiyaye, a tambayi mutanen garin abin da suke buƙata kafin a tara komai. Idan a makon farko ne suka ce tabarma da gidan sauro da abinci, a kai musu da gaggawa, ba a jan ƙafa da mai jin yunwa. Bayan nan a tara kuɗi. A ce ɗalibai 600 kowa ya kawo naira 100, an sami naira 60,000 ke nan, ban da na malamai da na iyaye. A nemi wata makarantar gwamnati a garin da abin ya shafa, a haɗa kai da shugabanta. Idan yunifom yara suka rasa, a sayi yadi a kasuwar garin a ba telan unguwarsu ya ɗinka. Idan benci ruwa ya lalata, kafintan garin ya gyara. Idan hatsi ne, a auna a wurin 'yan kasuwarsu.

Muna kuma roƙo a sa ɗalibai biyu, mace da namiji, cikin kwamitin da zai riƙe kuɗin tare da malamai. A karɓo rasit na duk abin da aka saya, a karanta a asambili ranar Litinin. Mu kuma mun ɗauki alƙawarin ware wuri a wannan allo, nan ƙasa da shafin wasanni, inda za mu liƙa kwafin rasit ɗin da jimillar abin da kowane aji ya bayar, daga aji ɗaya har aji uku.