Gwaska: Kada Tarihin Ƙauye Ya Zama Lissafin Gawa

'Yan'uwana ɗalibai, mu nawa ne muka san sunan Gwaska kafin ranar 5 ga Mayun 2018? A ranar ce 'yan bindiga suka fito daga daji suka auka wa wannan ƙauye na ƙasar Birnin Gwari, suka kashe fiye da mutum 40, suka cinna wa gidaje wuta. Jaridu suka buga, gidajen rediyo suka faɗa, gwamnati ta yi alkawarin girke bataliyar soja, daga nan kuma aka yi tsit. Abin da ya dame ni shi ne, ƙauyukanmu ba sa shiga takarda sai an zubar da jini. Haka aka yi wa Dogon Dawa a 2012, lokacin da aka kashe masallata da asuba.

Alhali kuwa wannan ƙasa tana da tarihi tun kafin zuwan Bature. A ƙarni na 19, da maharan Kontagora suka matsa wa ƙasar Gwari da kamun bayi, mutane da yawa sun hau duwatsu sun kafa gidaje a can, don dutse ya fi ganuwa wuyar ci. Da ƙasa ta lafa bayan zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20, sai suka riƙa saukowa suna sheme daji, suna noman dawa da masara, wasu kuma suna haƙar zinariya. A 1999 aka mai da dajin Kamuku gandun ƙasa, amma da hukuma ta yi sakaci da tsaronsa, sai ya zama mafakar ɓarayin shanu, tun da ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Duwatsun da suka ceci kakanni ba su iya tare mai babur da bindiga ba.

To, ina ruwan ɗalibi da wannan? Ai ruwa ba ya tsami banza. Tarihin ƙauye ba a rubuce yake ba, yana kan tsofaffi ne. Su suka san wanda ya sari gari, da iyakar gonar kowane gida, da burtalin da aka ware wa makiyaya. In tsoho ya yi gudun hijira ya rasu a gidan haya a Kaduna, duk wannan ya bi shi kabari. A ƙarshen 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da wasu 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Amma wanda ya koma ya tarar da wani a gonar ubansa, wa zai ba shi shaida? Daga irin wannan gardama sabuwar fitina kan taso.

Wani zai ce, mutane na neman tsira da ransu, ana maganar tarihi? Gaskiya ne, tsaro shi ne gaba, kuma wannan nauyi ne na hukuma. Sai dai ba za mu jira sai komai ya daidaita ba, domin tsofaffin ba za su jira mu ba. Ba kuma sai mun shiga daji ba: da yawansu suna nan cikin garuruwa a hannun dangi.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce, a hutun nan mai zuwa kowane ɗan ƙasar Birnin Gwari da maƙwabtanta ya zauna da dattijo ko dattijuwa guda, Bahaushe ko Bagwari ko Bakamuke ko Bafillace, ya ɗauki maganarsu a wayarsa, ya rubuta ta da Hausa. Ƙungiya ta tattara, ta miƙa wa ɗakin karatu, wannan mujalla kuma ta riƙa buga guda a kowace fitowa. Masu neman abin da za su rubuta a kundin digiri, ga shi nan a ƙofar gida.

Da kuɗin manoman nan aka gina ɗakunan da muke karatu a ciki. Ko ba mu iya mayar musu da komai ba, mu mayar musu da sunayen kakanninsu da iyakar gonakinsu. Allah ya jiƙan mutanen Gwaska, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.