KIMIYYA DA SANA'A: Ƙera Mazubin Roba Da Kwamfuta, Tun Ran Gini Tun Ran Zane

Duk wanda ya kife bokitin roba ya dubi tsakiyar gindinsa zai ga wani ɗan tabo kamar cibiya. Ta nan ne narkakkiyar roba ta shiga mazubin da ya haifi bokitin. Shi kuwa mazubin ƙarfe ne guda biyu, mace da namiji. Macen ita ce mai rami, ita ke ba da siffar bayan bokiti, namijin kuma ya shiga cikinta ya ba da siffar ciki. Ɗan sararin da ya rage tsakaninsu, wanda sau da yawa bai wuce kaurin milimita 2 ba, shi roba ke cikawa. Inji ya matse su, ya ɗura roba da ƙarfin gaske, ta huce, ya buɗe, bokiti ya faɗo, a sake komawa. Haka ake yin kujerun roba da kwanduna da kofuna da murafen kwalabe.

Masana'antun roba suna da yawa a ƙasar nan, a Ikko da Aba da Anacha, da kuma Kano a wuraren Sharaɗa da Bomfai da Chalawa. Amma galibin manyan mazuban da suke aiki da su daga waje ake sayo su da kuɗin musaya, musamman daga ƙasar Sin, inda gundumar Huangyan ta lardin Zhejiang ta shahara da wannan sana'a, kamar yadda garin Marinha Grande ya shahara da ita a ƙasar Fotugal. Babban mazubi yakan kai nauyin tan da yawa, yakan kuma ci watanni kafin ya iso. Saboda haka samarin da ke koyon zane da kwamfuta a kwalejojin fasaha suna da babbar dama a gabansu, muddin sun gane abu guda tun da wuri: kwamfuta ba ta san halin roba ba, ba ta kuma san halin ƙarfe ba. Abin da aka gaya mata shi za ta sassaƙa, da daidai da kuskure duka, ba tare da ta yi gardama ba.

Manhajojin wannan aiki iri biyu ne. Na farko, waɗanda ake kira CAD, na zane ne, da su ake gina siffar kaya da ta mazubinsa a allon kwamfuta, tsawo da faɗi da zurfi. Na biyu, watau CAM, su ke karɓar zanen su shata hanyar da wuƙar inji za ta bi a cikin ƙarfe, sa'an nan su mai da hanyar ta zama jerin lambobin umurni da injin sassaƙa mai sarrafa kansa, wanda ake ce wa CNC, zai karanta. Abin ya daɗe. A 1952 aka nuna injin sassaƙa mai bin lambobi a makarantar MIT ta Amurka, cikin shekarun 1960 kuma Pierre Bézier na kamfanin motocin Renault a Faransa ya tsara hanyar zana lanƙwasar jikin mota da lissafi. AutoCAD ta fito a 1982, Mastercam a 1983, SolidWorks a 1995. Ban da su akwai NX da CATIA da PowerMill da Fusion, akwai kuma FreeCAD wadda kyauta ce, ta ishi ɗalibi koyo. Gardamar wacce ta fi wacce ba ta da wani amfani ga mai koyo, don ka'idojin da ke tafe ɗaya ne a cikinsu duka.

Tarko na farko shi ne tsukewa. Roba in ta huce takan ragu, kuma kowace iri da nata gwargwado. Wadda ake yi wa alamar ABS takan ragu da kimanin rabin kashi ɗaya bisa ɗari, amma PP, wadda ake yawan yin bokitai da kujeru da ita, takan ragu da kashi 1 zuwa 2.5 bisa ɗari. To, in ana son bokiti mai baki milimita 300, kuma robar tana tsukewa da kashi 1.5, lalle ne a sassaƙa ramin ya kai kimanin milimita 304.5. Manhaja za ta yi wannan ƙari cikin ƙiftawar ido, sai dai ba ta tambaya ko an riga an yi shi. Mai zane ya ƙara, ya miƙa wa mai shirya inji, shi ma ya ƙara don bai sani ba, sai rami ya tashi 309, murfin da aka yi dominsa ya ƙi zama. Maganin wannan mai sauƙi ne: a ajiye fayil biyu, ɗaya na kayan kamar yadda za a sayar da shi, ɗaya na mazubi, a rubuta a sunan na biyun irin robar da adadin da aka ƙara. Daɗin daɗawa, masana'antu da yawa kan gauraya sabuwar roba da tsohuwa da aka niƙa, ita kuwa gaurayen ba ta bin lissafin littafi sosai. Ya kamata mai zane ya tambayi ainihin abin da za a zuba kafin ya taɓa komai.

Na biyu, yadda kaya zai fita. Ba don ado aka yi bakin bokiti ya fi gindinsa faɗi ba. Roba in tana hucewa takan rungume namijin ƙarfen ta ƙanƙame shi, in bangon ya miƙe sak babu karkata ko kaɗan, sai an yi kokawa kafin kaya ya fito, ya fito da ƙarzuwa ko ya tsage. Don haka kowane bango da ya bi hanyar buɗewar mazubi ana ba shi karkatar digiri 1 zuwa 2, in kuwa za a yi wa jikin kayan zanen kaushi sai an ƙara. Kowace manhajar CAD ta kirki tana da hanyar binciken wannan: a nuna mata ta inda mazubi zai buɗe, ita kuma ta shafa wa fuskokin launi, wannan na mace, wannan na namiji, wancan kuma ba shi da karkata. Binciken ba ya cin minti biyar, amma masu ɗokin ganin zane ya yi kyau su ne suka fi mantawa da shi. Shi ne kuma zai tona duk wani lungu ko ƙugiya da za ta maƙale, kamar ramin da ake sa mariƙin bokiti a gefe. Irin wannan lungu yana bukatar wani ƙarfe mai zamewa gefe kafin a buɗe, abin da ke ƙara tsada da yawan lalacewa. Sau da yawa ɗan gyara kaɗan a siffar kayan, da yardar mai shi, ya kan kawar da bukatar gaba ɗaya.

Kaurin bango shi ma a daidaita shi ko'ina. Inda roba ta taru da yawa takan makara wajen hucewa, ta lotsa daga waje. Shi ya sa haƙarƙarin da ake yi wa kujera daga ƙasa don ƙarfi ba ya wuce rabi ko kashi 60 bisa ɗari na kaurin bangon da yake manne da shi. Akwai kuma lissafin kuɗi a ciki, gama in kauri ya ninka sau biyu, lokacin hucewa yakan ninka kusan sau huɗu, hucewar nan kuwa ita ke cin fiye da rabin lokacin kowane zubi. Mai masana'anta da ke biyan kuɗin man janareta ya san ma'anar wannan. Hanyoyin ruwan sanyaya da ake hudawa a cikin ƙarfe, a zana su tun da fari tare da ƙusoshin turo kaya da notuna, a sa manhaja ta duba ko wani ya ci karo da wani. Akwai manhajojin da ke kwaikwayon gudun roba a cikin rami, irin su Moldflow da aka fara a Ostareliya a 1978, suna nuna inda iska za ta tare hanya, a yanka mata mafita mai zurfin kimanin milimita 0.02, wadda iska za ta wuce roba ba ta wuce ba.

Amma ka'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wannan: ƙarfen da aka sare ba ya komawa. Rage ƙarfe daga mazubi aikin sa'o'i kaɗan ne, mai da shi kuwa sai da walda, walda kuma takan bar tabo da kan bayyana a jikin kowane kaya da mazubin zai haifa, musamman in fuskar mai sheƙi ce. Saboda haka duk inda ake shakkar awo, a bar ƙarfe ya yi saura. Ƙofar da roba ke shiga a fara yanka ta ƙarama. Haƙarƙari a fara da siriri. Inda murfi zai kama bakin mazubin abinci, a bar shi da ɗan sako-sako a gwajin farko, a auna abin da ya fito, sa'an nan a ƙara sassaƙa har ya kama. Mai zane ya riƙa tuna cewa komai a juye yake: rage ƙarfe ƙara roba ne.

In zane zai tashi daga wata manhaja zuwa wata, fayil irin na STEP ya fi aminci. Na STL an yi shi da dubban ƙananan alwatika, ya dace da na'urar buga siffa, amma in aka sassaƙa ƙarfe da shi fuskar kan fito da gaɓa-gaɓa. A kuma auna wani sashe da aka san tsawonsa da zarar an buɗe fayil, don inci ɗaya milimita 25.4 ne, kuma har yanzu zanen Amurka da inci yakan zo.

Daga nan sai aikin CAM, inda kuskure ya kan yi ƙara har a ji shi a waje. Wuƙar inji zagayayya ce, tana juyawa, don haka ba ta iya fitar da kusurwa mai kaifi daga ciki. Mai zanen da ya san wannan zai lanƙwasa kowace kusurwa, ya kuma sa lanƙwasar ta ɗara ta wuƙar da ke akwai a ma'aikatar, ba wadda ya gani a takardar talla ba. Inda dole sai kusurwa mai kaifi ko tsagi mai zurfi, sai a koma ga injin tartsatsi, wanda ke cin ƙarfe da wutar lantarki ta bakin wani sassaƙaƙƙen jan ƙarfe ko gawayin girafait. Shi ma wannan sai an zana shi, an rage masa ɗan tazarar da tartsatsin zai tsallaka. Aiki ne mai jinkiri, kowace kusurwa da aka lanƙwasa a zane rangwame ce.

Tsawon wuƙa ma abin lura ne ƙwarai. In abin da ya fito daga mariƙi ya ninka tsawo sau biyu, lanƙwasuwar wuƙar a ƙarƙashin nauyin yanka takan ninka sau takwas. Daga nan ne karkarwa ke zuwa, da kaushin fuska, da karyewa. A yi aikin sama da gajeriyar wuƙa mai kauri, a ajiye doguwa sai wurin da babu makawa.

Sassaƙa hawa-hawa ake yin ta. Da fari babbar wuƙa ta kwashe galibin ƙarfe ta bar kimanin rabin milimita, ta biyu ta daidaita abin da ya rage ya zama bai ɗaya, ta ƙarshe mai mulmulallen baki ta share. Masu gaggawa kan tsallake ta tsakiya, sai ƙaramar wuƙa ta faɗa wa tudun da babba ta bari a kusurwa ta karye. A sharar ƙarshe kuwa akwai ciniki tsakanin inji da hannu. Wuƙa mai kaurin milimita 6 da ke matsawa rabin milimita a kowane zagaye takan bar ƙunya mai tsayin kimanin milimita 0.01. In an rage matsawar da rabi, ƙunyar takan koma kashi ɗaya bisa huɗu, lokacin inji kuma ya ninka. Sau da yawa wannan ciniki riba ne, gama mai gogewa da dutse da takardar yashi, komai ƙwarewarsa, yakan cinye kaifin gefen da mace da namiji ke haɗuwa, ta nan kuwa roba ke tsartuwa ta yi wa kaya geza. Irin ƙarfen ma yana sauya tsari. P20 yakan zo da taurinsa, a sassaƙa shi kai tsaye, amma H13 sai an yi masa sassaƙar fari, an kai shi wuta ya taurara, sa'an nan a gama, don yakan ɗan murɗe a wuta.

Kafin a aika umurni ga inji, a kwaikwayi aikin a allo daga farko har ƙarshe, kuma a sa mariƙin wuƙa da maɗaurin ƙarfe a cikin kwaikwayon, don galibi su ke karo, ba bakin wuƙar ba. A tabbata kuma an fitar da lambobin da harshen injin da zai yi aikin, gama na Fanuc da na Siemens da na Heidenhain ba su zama ɗaya ba. Wurin da aka ɗauka a matsayin mafarin awo a kwamfuta, shi ne za a ɗauka a kan ƙarfe, a rubuta shi a takarda tare da lambar kowace wuƙa da tsawonta a miƙa wa mai inji hannu da hannu. Sabon shiri a fara gudanar da shi a sama da ƙarfe, cikin iska, da hannu kusa da maɓallin tsayarwa.

Sharar babban rami takan ɗauki yini da kwana, wutar lantarki kuwa a ƙasar nan ba ta yin sallama kafin ta tafi. Hikima ita ce a yanka dogon shiri gida-gida, kowane yanki ya ƙare a wurin da tabon tsayawa ba zai nuna ba, yadda in wuta ta ɗauke za a koma farkon yankin kawai. Bayan gwajin farko a masana'anta, duk gyaran da aka yi wa ƙarfe da hannu a koma a shigar da shi cikin zanen kwamfuta, da kwanan wata, a ajiye kwafi a wuri biyu. Mazubin ƙarfe mai kyau yakan yi zubi dubu ɗaruruwa, kuma ran da wani sashe nasa ya gaji, daga wannan fayil ne za a sassaƙo madadinsa.